Motar Rimot a Masussukar Baba

Ina da shekara arba'in da uku, da mata da 'ya'ya biyar da furfura a gefen gemu, na sayi motar wasa. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, domin duk wanda ya san ni a Tiga da nan yake fara ba da labarina, kuma ba ya ba da shi yadda nake so.

Aikina gyaran injinan tura ruwa ne. Shekara ashirin ina kwance famfo ina ɗaurawa, in na kara kunne a jikin inji nakan gane ciwonsa kafin a buɗe shi. Ba yabon kai nake ba, ko da yake ban taɓa hana kowa yabona ba. Wata Asabar na je Tudun Wada gyaran waya, sai na tarar mai gyaran ya ja ƙofar shago da rana tsaka, yana bayan shagon riƙe da wani abu mai kama da bindigar roba, idonsa a ƙasa. Wata 'yar mota da ba ta fi takalmina tsawo ba tana zagaye tsofaffin tayoyi biyu tana ta ƙara. Na tsaya na yi masa wa'azi mai kyau a kan girma da iyali da darajar lokaci. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya miƙo mini rimot ɗin.

"Yallaɓai, zagaya tayar can sau ɗaya kawai, sai in duba maka wayar."

Na danna. Motar ta yi tsalle, ta juya bayanta gaba, ta faɗa kwata.

Ya ciro ta ya goge da gefen rigarsa, ya ce ba laifina ne duka ba, bayanta ne ya yi tauri. Ya ciro wani ɗan sifirin daga aljihu, bai fi na cikin biro ba, ya cire na jikinta ya sa shi. Na sake dannawa, sai ga mota ta canza hali, ta sha kwana lafiya lau ta dawo ta tsaya a gaban ƙafata. Abin da ya kama ni ke nan. Ba gudunta ba, ba fentinta ba, sai yadda ɗan ƙarfe guda ya mayar da mahaukaciya mai hankali. Wayar kuwa sai ranar Litinin na tuna na baro ta a shagonsa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ba irin motar da ake saya wa yara da Sallah nake nufi ba. Wannan tana da shoka huɗu da ake zuba musu mai, tana da giya da sitiyari da batir, kuma duk abin da ke jikinta ana iya kwance shi a sa wani. Na sayi ta hannu daga wajen wani da ya gaji da ita. Kafin wata biyu ni da mai gyaran wayar mun zama abokai na gaske, wato kullum muna musu. Matsalarmu ɗaya ce, ba mu da fili. Bayan shagonsa ya yi kaɗan, harabar wurin aikinmu kuma ban isa in kai ta ba in ina son a ci gaba da gaishe ni.

Mahaifina manomi ne a Ƙofa, ni ne ɗansa na fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa yabona a gaban mutane ba, a bayan idona ma ban samu labari ba, kuma na bincika. Ƙannena sukan zauna kusa da shi a yi hira har da dariya, ni kuwa in na tsuguna na gaishe shi sai ya amsa yana kallon katanga. Da na samu aiki na zo na faɗa masa, ya ce, "To." Da na gina gida a Tiga ya zo ya zagaya shi ciki da waje, ya ce, "To." Kunyar ɗan fari ce, na sani, haka nasa uban ya yi wa yayansa. Amma sanin dalilin abu ba ya hana shi ciwo, kuma ya yi mini ciwo har na girma.

Bayan gidanmu na Ƙofa akwai masussuka, fili mai faɗi da aka daddaɓe tun zamanin kakanni, tsamiya biyu suna yi masa inuwa daga yamma. Da an gama sussukar dawa ba mai amfani da shi sai damina ta kusa. Na je na tsuguna.

"Baba, ina neman izini in riƙa gwada wani inji a masussuka ranar Asabar."

"Inji?"

"Ƙarami ne, Baba."

"To."

Asabar ta zo, ya fito da tabarmarsa gindin tsamiya tare da limamin unguwarmu, abokinsa tun suna makarantar allo, suka ga injin. Na jera tsofaffin tayoyi da duwatsu na fitar da hanya, na saki mota. Suka zuba mata ido. Sai na ji muryar Baba, ba da ƙarfi ba, amma daidai yadda za ta iso inda nake.

"Malam, wancan da kake gani, shi aka damƙa wa amanar ruwan jama'a."

Liman ya yi dariya har da tari. Ni kuma na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da danna rimot kunnuwana suna zafi. A wurin na ƙudurta abu guda. Sai mutumin nan ya gani da idonsa cewa abin da nake yi kanikanci ne, ba shiririta ba, kuma a cikin masu yinsa ɗansa ne gaba. Babba da ni, da jikoki a kan hanya, ina neman ubana ya dube ni saboda motar roba. Na san yadda abin yake a kunne, ba sai an gaya mini ba.

Ƙasar masussuka tana da hali biyu. Daga ƙasa tauri gare ta, daga sama kuwa akwai garin ƙasa da ƙaiƙayi da ya kai kaurin yatsa, mai santsi. Ka taɓa totur kaɗan, bayan mota ya wuce gabanta. A kan wannan na yi wata uku.

Da farko na yi mata gyara irin na mutumin da ya san manyan motoci. Na tuna manyan motocin da ke bi ta Falgore da kayan masara daga Doguwa, na ce ai mota ƙarfi ake so ta yi. Na sa mata sifirin mafi tauri, na cika shoka da mai mai kauri. Ta riƙa tsalle a fili kamar kwaɗo, tayoyinta sun fi daɗewa a iska a kan ƙasa. Abokina ya zauna a kan taya yana dariya yana cewa in ɗora mata buhu biyu ko za ta natsu. Shi ma ba wani gwani ba ne. A wajensa maganin kowace matsala shi ne a sa moto mafi ƙarfi, wato ɗan injin da ke juya tayoyi, shi ya sa motarsa ta fi kowace saurin isa inda za ta yi karo.

Sai na koma baya na bi ta a hankali, abu ɗaya a kowace Asabar, domin in ka canza uku a tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Wannan a wurin famfo na koya. Na fara da taya. Masu sulɓi ba su da amfani a garin ƙasa, sai na aika Kano aka kawo mini masu ƙurajen roba, waɗanda ke nutsawa su kamo taurin da ke ƙasa. Na liƙe su da gam a jikin wili don kada su zame. Na koma kan sifirin, na sauko daga mai tauri zuwa mai laushi, na baya ya fi na gaba laushi kaɗan, don in ta taso bayanta ya zauna ya danne tayoyin. Man shoka ya ba ni wahala. Wanda nake da shi ya yi kauri, sai wata rana na ɗebi na keken ɗinkin matata. Ya yi aiki kwana biyu, ya cinye robar shoka, ya tsiyaye. Da ta gano inda man kekenta ya tafi ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi in motar ta tashi ɗinkin Sallah in faɗa da wuri, layi ya yi tsawo. Daga ƙarshe na haƙura na nemo man da aka yi don aikin, mai ruwa-ruwa.

Nauyi ma sai da na nema mata. Na je bakin dam wurin wani masunci na roƙi dalmar da suke ɗaura wa koma, ya ba ni uku yana tambayata wane irin kifi nake nema. Na ce mai taya huɗu. Na buge su suka yi faɗi na liƙa a bayan batir. Na buɗe bakin tayoyin gaba waje kaɗan don ta riƙa shiga kwana da son ranta. Na sa mata ƙaramar giya don kada ƙarfi ya zo mata a lokaci guda. Sannan, saboda ramukan da sandunan sussuka suka bari, na ɗaga ta sama, na sake ɗagawa, har yatsuna biyu suna shiga ƙarƙashinta.

Wata Asabar na sake ta, sai na ji a yatsuna cewa an zo wurin. Ta shiga kwana bayanta ya zame daidai gwargwado, ya kama, ta miƙe. Na zagaya goma ban taɓa dutse ko ɗaya ba. Na waiga gindin tsamiya. Baba yana tufkar igiya, ya ba ni rabin baya, yadda ya saba duk Asabar ɗin nan.

Muna da dandali a waya da wasu masu irin wannan ciwo a Kano. Su a kan siminti suke tsere, bayan wani tsohon sito, motocinsu a kwance suke har cikinsu na gogar ƙasa. Babbansu wani Alhaji ne mai sayar da kayan wuta, mutumin kirki amma bakinsa ba ya hutawa. Duk bidiyon da na tura sai ya tambaya ko akuyar da ta gifta ita ce alƙalin wasa. Na gayyace su Ƙofa, shi da mutum biyu. Na rubuta gayyatar da ladabi, har da cewa mu 'yan ƙauye muna so mu koya. Gaskiyar magana ba gasa na shirya ba, tarko na haɗa. Na san motocinsu masu tayar sulɓi in suka hau garin ƙasar nan sai dai su yi ta juyi, ni kuma in wuce su a gaban Baba, zagaye bayan zagaye, har sai ya ajiye igiyar nan.

Saura mako guda na je na sanar da shi.

"Baba, ranar Asabar zan yi baƙi daga Kano."

"Su nawa?"

"Uku ne, da abokina na Tudun Wada."

"A ina za su zauna?"

"A masussuka, Baba. Nan za mu yi abin."

Ya ce, "To." Ban kawo komai a raina ba.

Ranar na sa farar shadda da hula sabuwa, domin na yi tunanin za a yi hoto. Na ɗaure mota a bayan babur. Matata ta biyo ni ƙofar gida da akwatin kayan gyara, wanda sauran tayoyi da sifirin ke ciki, ta ce na manta. Na ce ban manta ba, mutumin da ya gama shiri ba ya yawo da akwati. Sukudireba ɗaya na sa a aljihu, shi ma don ado.

Tun kafin in sha kwanar gidanmu na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ɗaga kai na dubi sama, ba gajimare ko ɗaya, damina kuwa da sauran wata biyu. Motar baƙi tana tsaye a ƙofar gida, sun riga ni da 'yan mintuna, abokina ma ya iso. Na zagaya baya ina tura babur, na tsaya cak.

An share masussuka tas. Garin ƙasar nan da ƙaiƙayin da na yi wata uku ina karantawa an tattara su an kwashe. An yayyafa ruwa, ba irin na ƙofar shago ba, ruwa sosai, har ƙasa ta yi duhu ta kwanta lumui. Tayoyina da duwatsuna an ɗaga an share ƙarƙashinsu an mayar da kowanne inda yake. An shimfiɗa tabarmi uku a inuwa, da buta a gefen kowace.

Ina da zuciya, wannan duk gidanmu an sani. Ban tsaya tunani ba, na ɗaga murya a gaban baƙi.

"Wane mara aikin yi ne ya jiƙa filin nan?"

"Ni ne."

Daga gindin tsamiya maganar ta fito. Baba yana zaune, ya jingina da itacen, ƙafar wandonsa a jiƙe har gwiwa. Garwa biyu da tsintsiyar kwakwa suna gefensa. Ƙannena duk suna fadama ranar, rijiyarmu kuma tana can gaban gida, sai an zagaya katanga. Mutum ne da ya haura saba'in. Daga sallar asuba ya fara, daga baya na ji.

A gidanmu haka ake yi wa baƙo. In za a yi suna ko ɗaurin aure, ko wani mai daraja zai zo, sai an share wurin zama an kashe ƙura da ruwa. Na ga ya sa an yi wa malamai, na ga ya sa an yi wa surukai. Ban taɓa ganin ya yi da hannunsa ba, kuma ko a mafarki ban zaci za a yi don baƙina ba.

Bai dube ni ba. Ya nuna can ƙarshen fili da haɓa, ya ce, "Kusurwar gabas ban kai ba. Baya ya ƙi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tsuguna na ce, "Ya isa, Baba. Sannu da aiki. Allah ya ƙara girma."

Abokina ya ja ni gefe. Shi ya san abin da ruwan nan ya yi mini. Jiƙaƙƙiyar ƙasa daddaɓaɓɓiya riƙe taya take kamar siminti, wato an ɗauko filin mutanen Kano an kawo musu har Ƙofa. Ya rage murya.

"Yallaɓai, abu mai sauƙi ne. Ƙaiƙayin yana bayan rumbu, na gani. Buhu biyu mu watsa, fili ya dawo yadda yake. Ko mu ja su da hira har azahar ya bushe."

Zan so in ce nan take na ƙi. Ban ƙi ba. Na dubi rumbun, har na auna a raina yawan da zai isa. Sai na juyo na ga Alhajin Kano ya cire takalmi ya durƙusa gaban Baba, yana cewa, "Baba, wannan fili ko a birni ba mu da irinsa. An wahalar da ku, Allah ya saka da alheri." Baba ya amsa yana gyara hula, "Ba komai, Alhaji. Ai baƙinsa ne."

Na ce wa abokina a bar ƙaiƙayi inda yake, a jera motoci.

Zagaye goma muka yanka. Dokarmu kuma, wanda motarsa ta kife shi zai je da ƙafarsa ya tashe ta. Liman, da ya zo kallo, shi ya ɗaga hannu ya sauke. Motata ta fita gaban kowa, ƙurajen tayoyinta sun kama ƙasa kamar an ɗinke su, har na ji wani ɗan fata ya taso mini. Muka iso kwanar farko. Na karya sitiyari yadda na saba, ina jiran bayanta ya zame. Bai zame ba. Tayoyin waje suka cije, jikin ya kwanta a kan sifirin masu laushin nan, ta ɗaga ƙafa biyu sama, ta mirgina sau uku ta kwanta rigingine tayoyi suna juyawa.

Na tattare shadda na ruga. Na tashe ta, na dawo, na danna. Kwana ta biyu ta sake kifewa. Na rage gudu, motoci huɗu suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya, na ji haushi na ƙara, ta kife. Hankalina duk yana kan akwatin da na baro a Tiga, ina zagin tayoyi a zuci, ina zagin gam ɗin da na liƙe su da shi, ban ko tuna akwai sukudireba a aljihuna ba. Wuri ɗaya kawai take nuna ko ita wace ce. In ta iso kusurwar gabas, inda bayan Baba ya ƙi, sai ta zame ta kama ta miƙe, kyakkyawa, yadda na gina ta. Taku huɗu ne wurin, kuma shi ne mafi nisa daga tsamiya.

Sau bakwai na yi wannan gudun. Hulata ta faɗi a na huɗu, ban koma ta kanta ba. Alhaji ya zo na ɗaya, abokina na biyu, domin a karon farko a rayuwarsa ya samu ƙasar da za ta iya da motonsa. Ɗaya daga cikin baƙin batirinsa ya mutu a zagaye na tara, ya ɗauki motarsa a hannu ya taka zuwa layi, shi ma ya riga ni. An yi hoton, ina daga gefe, gwiwoyin shaddata jajaye.

Aka kawo fura daga cikin gida, aka kawo tuwo da miyar kuka da man shanu. Baƙi suka ci suka yaba, Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce gudun da na yi da ƙafa ya burge shi, in ana gasar wannan ba mai kama ni. Na yi dariya yadda mai masauki ya kamata ya yi. Bayan azahar suka kama hanya, abokina ya bi su, liman ya tafi makarantarsa. Na tsaya ni kaɗai ina naɗe tabarmi, raina a ɓace, ba na son in dubi gindin tsamiya. Abin da na yi wata uku ina shiryawa don ya gani, ya gani, sai dai a kife.

"Kai."

Na juya.

"Kawo ta nan."

Na kai wa Baba motar da hannu biyu. Bai taɓa taɓa ta ba sai ranar. Ya juya ta ya dubi cikinta, ya ajiye ta a kan tabarma, ya danna gefe ɗaya da babban yatsa, ta lotsa, ya saki, ta taso. Ya sake dannawa. Ya zura yatsunsa biyu ƙarƙashinta, suka shige.

"Wa ya koya maka lodi?"

"Baba?"

"Amalanke in ka tula mata kaya sama, a kan yashi za ta kai ka gida, don ƙafarta na zamewa. Ranar da ta taka ƙasa mai riƙo, a kwanar farko za ka kwashe dawarka a ƙasa. Tun ranar da ka ƙara mata tsayi na biyu na ce wa Malam wannan za ta kife."

Ranar da na ƙara mata tsayi na biyu, da idona na ga ya ba ni baya.

"Ruwan ne, Baba," na ce a hankali. "Don busasshiyar ƙasa na gyara ta."

"Na ga alama. To baƙo ba zai sha ƙura a bayan gidana ba saboda motarka. Kai da kake aikin ruwa shekara ashirin, garwa goma ta kayar da kai." Ya turo mini ita da ƙafa. "Sauke ta."

Na ciro sukudireba na tsuguna a gabansa. Na sassauta, na sauke ta kaɗan. Ya danna, ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Ya ce na gaba ya fi na baya tsayi, ko ba ni da ido ne. Na gyara. Ya ce wannan laushin ma ya yi yawa, amma tunda na ga dama na baro kayan aikina a gida kamar sabon ango, sai a yi da abin da ke akwai. Faɗa yake yi mini sosai, irin wanda yake yi wa ƙannena in sun karkatar da kunya a gona, yana yi yana kallon fuskata. Na sunkuyar da kai ina juya noti, idona ya cika, daɗi ya kama ni.

"To, gwada mu gani."

Na miƙe na dubi fili. Rana ta riga ta yi aikinta, ƙasa ta bushe ta yi fari.

"Ya bushe, Baba. Ba za a gane ba."

Ya dafa tsamiya ya tashi da ƙyar, ya sunkuya zai ɗauki garwa. Na riga shi. Ya tsaya yana dubana, na zaci zai ce in ajiye. Sai ya sunkuya ya ɗauki motar, ya kaɗe mata ƙasa, ya saƙale ta a hammata.

"Ka fara daga gabas," ya ce. "Kuma ka yayyafa, kada ka kwarara."

Na ɗauki garwa biyu na zagaya katanga zuwa rijiya. Sawu tara na yi, yana tsaye a rana da motata a hammata yana nuna mini inda na tsallake.